Takalman Hagu Goma Sha Huɗu

Tun ranar da aka turo ku firaktikal ɗakin awon jinin nan nake ganin kuna leƙen ƙarƙashin teburina kuna ƙunshe dariya. Jiya da kunnena na ji wata a cikinku tana cewa wai Baba Lawal gwanjon takalma yake yi a ɓoye. To, jawo buhun ki zazzage. Ƙirga da kyau. Goma sha huɗu ne, duk na ƙafar hagu, duk sababbi fil, ba wanda ya taɓa taka ƙasa. Zan gaya maku inda na samo su, amma sai kun ajiye wayoyin nan, don ni ba na magana da tsakiyar kan mutum.

Na san abin da ke ranku game da aikin nan. A soki mutum, a zuba jini a inji, a danna, takarda ta fito, a miƙa wa likita, a koma kallon waya. Wallahi in haka ne aikin, da tuni an ɗauki jaki an ba shi farar riga.

Ranar da na fara aiki a asibitin Kurfi, maigidana Baba Audu bai ko tambayi sunana ba. Bokiti ya nuna mani da sabulu da tarin gilasan da ake shafa jini a kai. Wata shida ina wankin gilashi ban taɓa madubin da ake leƙen ƙwayoyin jini da shi ba. In na wanke sai ya ɗaga ɗaya a taga, ya hura mashi iska, ya ce, "Wannan da man gyaɗa ka wanke shi?" ya mayar da duka cikin bokiti. Tsoho ne gajere mai jan haƙori, goro ba ya barin bakinsa, kuma ban taɓa ji ya yabi kowa ba, har da Gwamna. Madubinsa ba ya aiki da lantarki. Wani ɗan madubin fuska ne a ƙasansa, da shi ake kamo rana ta taga. In hadari ya haɗo, aiki ya tashi ke nan, kowa ya zauna ya jira Allah.

Da ya ga dama ya fara koya mani ƙidaya, sai ya jera gwangwanayen madara guda biyar, ya zuba mani wake ɗari cif a tafin hannu. Fararen ƙwayoyin jini iri biyar ne, kowane iri da gwangwaninsa. Ido na kan madubi, duk wadda ka gani sai ka jefa wake ɗaya a gwangwaninta. Wake ya ƙare, ƙidaya ta ƙare, sai ka zazzage ka ƙirga. Akwai ranar da na fita alwala, akuyar mai gadi ta shigo ta cinye sakamakon wani Alhaji tas, har da na matarsa. Baba Audu bai yi mani faɗa ba. Cewa ya yi ita akuyar ta fi ni sanin abin da take yi.

Sunayen da kuka haddace don jarrabawa, su nitirofil da iyosinofil, shi bai damu da su ba. Nasa sunayen ya raɗa masu. Masu yawan nan da ke fara isa duk inda aka yi rauni, 'yan tauri. Manyan da ke zuwa daga baya su kwashe gawa da datti, 'yan shara. Ƙananan nan masu ƙaton kai da ba sa manta cutar da suka taɓa gani, malamai. Wata da sai ka yi sati ba ka ga ɗaya ba, baƙuwa. Sai masu jajayen ɗigo-ɗigo idan rini ya kama su, ya ce masu lalle. Su aikinsu faɗa da tsutsa. Ku riƙe masu lallen nan, za mu dawo kansu.

Wata safiya aka kawo wata tsohuwa daga Barkiya, ƙaya ta soke ta a yatsa wajen itace. Yatsan ya kumbura suntum, ya yi ja, ya yi zafi, ko ƙuda ya sauka a kai sai ta yi salati. Baba Audu ya juya hannun, ya duba, ya ce, "Madalla."

Tsohuwa ta zaro ido. "Madalla? Malam, kwana uku ban runtsa ba kake ce mani madalla? Allah ya ba ka irinsa!"

Ya ce, "Amin, Inna. In dai ƙaya ta soke ni, Allah ya ba ni irinsa."

Bayan an yi mata allura an tsaga wurin an matse, sai ya zaunar da ni. Abin da ya faɗa mani a ranar shi ne duk ilimin da na ci abinci da shi shekara talatin da wani abu. Ƙaya na shiga, akwai ƙwayoyin da ke zaune cikin naman wurin, sai su fesa wani sinadari, shi ne histamin ɗin littafinku. Shi ke buɗe hanyoyin jini, jini ya taho da yawa, wuri ya yi ja ya yi zafi, ruwa ya tsatso ya kumbura. Sai wani sinadarin, mai dogon sunan nan furostagilandin, shi kuwa ɗan tsegumi ne, shi ke tsokanar jijiya ta yi zugi, shi ke zuwa har kai ya ce a hura zazzaɓi. Wasu kuma shela kawai suke yi, suna nuna wa 'yan tauri hanya. 'Yan tauri su ratso ta bangon hanyar jini su afka wa ƙwayar cuta, su ci, su mutu a wurin. Mugunyar da kuke toshe wa hanci, yawancinta gawarsu ce. Ya ce, "Kumburi ihu ne, Lawal. Wani lokaci ihun kan yi yawa har ya yi ɓarna, sai likita ya rage shi. Amma ka ji tsoron gidan da ɓarawo ya shiga ba a yi ihu ba." Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane ba, tunanin tuwon rana nake yi.

Masu zuwa awo kuwa, kowa da kalarsa. Akwai masu cewa sayar da jinin muke yi, alhali abin da muke ɗiba ko sauro ya raina shi. Akwai wanda zai zo bayansa duk shatin ƙaho, ya ce wanzami ya riga ya cire mataccen jinin, mu duba mai ran. Wani dattijon Bafulatani ya ƙeƙashe ƙasa sai ya ga jininsa da idonsa. Na ɗora shi a kan madubi, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "Malam, duk waɗannan nawa ne? Wa ke kiwonsu?" Har yau ban samu amsar da ta fi ta Allah ba.

To, yanzu mu zo kan Iro.

Iro taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mutumin Birchi. Kun san tsakanin taubasai ba a maganar arziki. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa, tun muna yawo ba wando. Sana'arsa biyu: da rani yana noman albasa da tumatir a fadama, kullum ƙafa cikin ruwa, sannan yana turke raguna don Layya. Tsargiya kuwa tun yana yaro take tare da shi, a sha magani ta tafi, ya koma ruwa ta dawo. Na auna jininsa ya fi sau biyar, kullum gwangwanin masu lalle sai ya yi nauyi. Mutum mai lafiya ka samu wake biyu ko uku, Iro sai ka ƙirga ashirin. Har nakan ce mashi jininsa gidan biki ne.

Shekarar da abin ya faru, Baba Audu ya riga ya yi ritaya, ni kaɗai ne a ɗakin awo. Muguwar shekara ce. Zazzaɓi ya yi yawa da damina, rinin da muke rina gilashi ya kusa ƙarewa, na rubuta takarda sama har hannuna ya gaji, ba a aiko ba. Abin da ya rage a kwalba bai kai rabin kofin shayi ba. Ina tacewa in sake amfani da shi, ina ɗiga shi kamar turaren aro. Sai na yi wa kaina doka ba tare da na tambayi kowa ba: wanda aka kawo ranga-ranga shi zan auna, wanda ya shigo da ƙafarsa yana surutu ya je ya sha magani. Ku lura, ba aikina ba ne in zaɓa. Aikina in auna wanda aka rubuto.

Ana saura wata guda Layya sai ga Iro da takarda daga malamin asibiti. Na kusa wata takwas ban sa shi a ido ba, da ƙyar na gane shi. Mutumin da ka sani kamar kara, ga shi fuska ta yi tulu-tulu, kumatu kamar ya ɓoye ƙosai, har da tozo a wuya.

Na ce, "Kai bawa! Dusar ragunan mutane kake cinyewa?"

Ya ce, "Hutu ne, ɗan baƙin ciki. Ku ma'aikatan gwamnati ina kuka san shi."

Ya cire takalmin hagu ya nuna mani. Wani tsohon turken ƙarfe ya taka a garken ragunansa, kwana biyar da suka wuce, ya shiga tafin ƙafa. Na duba. Rami ne ɗan ƙarami, bakinsa fari-fari. Ba ja, ba kumburin kirki, na taɓa ba zafi. Na danna da yatsa, ko gezau bai yi ba. Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau. Malamin asibitin, Allah ya saka mashi, wani abu bai kwanta mashi ba, shi ya sa ya rubuta a ƙirga jinin. Ni kuwa na dubi kwalbar rinina, na dubi kumatun Iro.

Na ce, "Don wannan ɗan ƙwarzanen za ka cinye mani rini? Mutane na mutuwa a waje. Tashi ka ba ni wuri, ka fi ni lafiya."

Ya ce, "Dama Hajjo ce ta matsa. Na gaya mata jakin gidanmu ba abin da ya sani."

Muka yi dariya, na fita bakin titi, na sayo mashi rake. Na koma na ce wa malamin asibiti ciwon ya kama hanyar warkewa, ba sai an auna ba. Da yake na girme shi a aiki, bai musa ba. Aka wanke, aka naɗe, aka yi mashi allurar tsatsa, ya hau mota ya tafi.

Kwana tara aka dawo da shi a kwance bayan a-kori-kura. Hajjo matarsa ce ta shigo ɗakina ba ko sallama, mace mai kunya wadda ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta ce, "Yaya Lawal, fito ka ga ɗan'uwanka."

Wari ne ya fara tarye ni. Ƙafar ta yi baƙi daga yatsu har idon sawu, in ka danna sai ka ji tana ƙurƙur kamar akwai iska a ciki. Amma fa har a lokacin jikinsa bai yi zafin da ya kamata ba. Yana kwance yana kallona, leɓe ya bushe, sai ruwa yake nema. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Bawa, ka ga ƙwarzanenka." Tun da aka haife mu ranar ce ta farko da Iro ya tsokane ni na yi shiru.

Na ɗebi jini, na shafa, na zuba rini ba tare da na duba saura nawa ba. Na jera gwangwanaye, na ƙirgo wake. 'Yan tauri ne ko'ina, cunkus, har da ƙananan da ba su gama girma ba an turo su. Malamai 'yan kaɗan. Wake ya ƙare, na ɗaga gwangwanin masu lalle na girgiza. Shiru. Na ce kuskure ne. Na sake ɗari. Na sake wata ɗarin. Wake ɗari uku, jinin Iro, gidan biki, ba mai lalle ko ɗaya.

Tsananin ciwo kansa yakan kore su, na sani. Amma da na haɗa da kumatun nan, da tozon nan, da raunin da ya ƙi yin ja, sai maganar Baba Audu ta dawo mani har da warin goronsa. Abu ɗaya na sani da ke yin wannan duka.

Na fita na ja Hajjo gefe. "Wane magani yake sha?"

Ta ce, "Ba ya shan komai. Ko na zazzaɓi ba ya so."

"Hajjo, ki yi wa Allah ki tuna. Ko na gargajiya, ko na kasuwa."

Sai ta ce, "Sai dai ko na raguna."

"Na me?"

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin leda. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne farare, waɗanda masu tallar magani a kasuwa ke kira sha ka fashe. Masu turke kan daka su a dusa don rago ya ci abinci ya cika ido kafin Layya. Ta ce bara gwiwa ta dame shi saboda tsayuwar fadama, wani abokin kiwonsa ya ce ya gwada ɗaya. Ya gwada, gwiwa ta yi shiru. Tun daga nan kullum da safe in zai ba raguna sai ya ce, "Ɗaya naku, ɗaya na mai gida." Da ya taka turke sai ya mayar da shi biyu, don ya ga yana kashe ciwo. Ta ce, "Ai kowa cewa yake yi ya yi kyau."

Maganin nan ba guba ba ne. Magani ne mai daraja a hannun likita, yana ceton mai asma da wanda kumburi ke neman kashewa. Amma aikinsa shi ne toshe bakin masu ihu. Ɗan tsegumin nan ba ya samun fitowa, don haka ba zugi, ba zazzaɓi. Hanyoyin jini ba sa buɗewa yadda ya kamata, don haka ba ja, ba kumburi. 'Yan tauri suna nan cike da jini suna zagaye, ba mai nuna masu ƙofa. Ƙwayar cuta ta samu ƙafar Iro ba kowa a gida, ta yi kwana goma sha huɗu tana ci.

Allah ya sa ranar likita yana nan. Na kai mashi gwangwanin da ƙullin ledar, na kuma gaya mashi da bakina cewa an rubuto awo tun farko ni na hana. Ya hana Hajjo zubar da maganin, ya ce wanda ya daɗe yana sha ba a yanke mashi rana ɗaya, sai a hankali, in ba haka ba shi ma kisa ne. Ya rubuta takarda aka wuce da Iro Katsina. Kafin motar ta tashi na tare shi na ce, "Likita, da na auna ran nan fa?"

Ya ce, "Da ka ga gwangwanin nan ba komai, me za ka yi?"

Na ce, "Da na tambaya."

Ya ce, "To."

Ya koma ciki, mota ta tashi.

A Katsina aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Ya rayu. Ragunan ƙanensa ya sayar. Fadama kuwa shi da ita har abada, don ba a ban ruwa da sanda. Na je duba shi sau uku, kowane zuwa da jawabin neman gafara da na shirya tun daga gida, kowane zuwa sai ya hana ni farawa. Da na buɗe baki sai ya ce wa na gadon kusa, "Ka ga bawan nan nawa? Gadonsa na ci, ba shi da amfani, amma ba a sayar da kayan gado." Kunya ta hana ni cin nama a Sallar nan, wallahi ko tsire ban taɓa ba.

Da Layya ta zagayo, lokacin an mayar da ni nan Dutsin-Ma, sai ga direban motar Kurfi da saƙo a leda. Na buɗe. Takalmi sabo, ƙafa ɗaya, na hagu. Direban ya ce, "Malam Iro ya ce a gaya maka shi ba ya almubazzaranci. Ya sayi na Sallah, ya sa nasa, ga rabonka."

An yi mashi ƙafar roba daga baya, ya ce tana cizonsa, ya rataye ta a ɗaki ya koma sandarsa. Yana nan Birchi, ya koma kiwo, dusa da harawa kawai, kuma duk mai tallar da ya kuskura ya nuna mashi farar ƙwaya sai ya sha sanda. Muna haɗuwa wajen suna da jana'iza, muna zagin juna kamar da. Bai taɓa ce mani kai ka jawo ba, ko sau ɗaya. Takalmi dai duk Layya ba ya fashi. Matata ta ce in bayar sadaka. Na ce wa zan ba? Ta ce to in zubar. Na kawo su nan na ajiye inda ƙafata za ta riƙa taɓa su in na zauna a kan madubi.

Injinku yana da kyau, ba na ƙinsa. Ya fi ni sauri, akuya kuma ba ta cin sakamakonsa. Zai buga maku sifili a gaban masu lalle, da kyau, a tsanake. Amma bai san jinin wa ke gidan biki ba, ba zai fita ya ja Hajjo gefe ba, kuma ba zai auna jinin da ba ku zuba mashi ba.

Ke mai cewa ina gwanjo, ga takarda can an turo tun ɗazu, mai ita yana bakin ƙofa yana ta zuba da mai gadi. Na gan ki kin leƙa shi kin taɓe baki, wai wannan ai lafiyarsa lau. Tashi ki ɗebi jininsa, ko da rawa ya shigo. In kin gama ki mayar mani da takalman nan cikin buhu, kuma kada ki ɗaure bakin. Layya saura wata biyu.